Tsuntsun gal a biranen Birtaniya: yana ƙaruwa ne ko yana ƙarewa?

Duk shekara idan watan Mayu ya kama, har zuwa ƙarshen Agusta, ba a raba jaridun Birtaniya da labarin wani tsuntsun teku da ake kira gal. Mazauna garuruwan gaɓar teku irin su St Ives da Scarborough da Aberdeen suna kuka da shi cewa yana fizge abinci daga hannun mutane kamar yadda shirwa ke sure nama daga kan tire, yana hana su barcin asuba da kukansa, yana ɓata motoci da rufin gidaje da kashinsa, idan kuma yana da 'ya'ya a sheƙa yakan kawo wa mai wucewa sura ta saman kai. A shekarar 2015 maganar ta kai har bakin firaministan lokacin, David Cameron, wanda ya ce ya kamata ƙasar ta zauna ta tattauna batun da gaske. Amma kuma wannan tsuntsun da ake ganin ya yi yawa har ya zama alaƙaƙai, tun shekarar 2009 sunan irinsa mai tokar baya yake cikin jan jerin tsuntsayen Birtaniya, wato rukunin waɗanda masana suka fi jin tsoron raguwarsu. Mai shago yana cewa sun yi yawa, masani yana cewa suna ƙarewa, kuma idan aka bi diddigi za a tarar kowannensu yana da tasa gaskiyar.

Gal dangi ne mai rassa da yawa, amma iri biyu ne suka fi shiga wannan rikici. Na farko shi ne mai tokar baya, wanda masana ke kira Larus argentatus: farin kai da ƙirji, ƙafafu masu ja-ja, rawayan baki mai ɗigo ja a leɓen ƙasa, nauyinsa wajen kilo ɗaya, idan ya buɗe fuka-fukansa kuma yakan kusa mita ɗaya da rabi. Na biyu shi ne mai duhun baya da rawayan ƙafa, Larus fuscus, wanda ya fi ɗan'uwansa son tafiya mai nisa. Dukansu tsuntsaye ne masu tsawon rai da jinkirin haihuwa. Ɗan gal sai ya shekara huɗu kafin ya zubar da gashin ƙuruciya mai ruwan ƙasa ya yi kamar iyayensa ya fara neman mata, macen kuma ƙwai uku take yi a shekara, ita da mijin su yi ta karɓa-karɓar kwanci kusan wata guda. Zoben da ake sanya musu a ƙafa ya nuna akwai waɗanda suka haura shekara 30 a duniya. Wannan yana da muhimmanci ga duk mai son fahimtar adadinsu, domin tsuntsun da ke daɗewa haka yana iya shafe shekaru bai raini ɗa ko ɗaya ba, amma ana ganinsa a wurinsa kullum, har a ɗauka lafiya lau ake, sai ranar da tsofaffin suka fara mutuwa a ga babu masu maye gurbinsu.

Abin da ya sa gal ya fita daban a cikin tsuntsayen da ake tsangwama shi ne, kusan a kansa aka gina ilimin nazarin ɗabi'ar dabbobi na zamani. A ƙarshen shekarun 1940 wani masani ɗan ƙasar Holan, Niko Tinbergen, ya riƙa kai ɗalibansa tsibirin Terschelling suna nazarin jan ɗigon nan na bakin gal. Ya lura cewa ɗan da aka ƙyanƙyashe yakan caccaki ɗigon, uwar ko uban kuma sai ya amayo masa abinci. Tambayarsa ita ce, me ɗan ke gani har yake cakar? Sai suka yanka kwali da siffar kan tsuntsun, wani da jan ɗigo, wani da baƙi, wani da shuɗi, wani babu ɗigo sam, wani kuma aka mayar da ɗigon goshi. Sukan ɗauko ɗan da bai daɗe da fitowa daga ƙwai ba, su riƙa motsa kwalin a gabansa, ɗaya yana ƙirga sau nawa ya caka. Sakamakon da Tinbergen da abokin aikinsa Perdeck suka buga a 1950 ya nuna cewa ɗan ba ya bukatar kai ko ido ko jikin uwarsa, abin da ke motsa shi kawai shi ne abu siriri mai motsi da launi mai fita fili. Har ma wani siririn jan tsinke mai fararen zobba uku a kusa da tsininsa ya fi siffar kan tsuntsu mai kama da na sosai samun caka.

Labarin bai tsaya yadda littattafan makaranta suka daɗe suna ba da shi ba. A shekarar 2009 wani masani na Jami'ar Leiden, Carel ten Cate, ya koma kan rubuce-rubucen Tinbergen na farko, ya gano cewa a gwajin asali baƙin ɗigo ya fi ja samun caka. Tinbergen ya yi zaton dalilin shi ne an fi yawan nuna wa 'ya'yan mai jan ɗigon har sun saba da shi sun gaji, sai ya gyara lissafin bisa wannan zato, daga baya kuma bayanin gyaran ya ɓace daga yadda yake ba da labarin. Ten Cate da abokansa suka sake gwajin yadda ya kamata, inda kowane launi ya samu adadin nuni daidai da na sauran, sai ja ya yi nasara. Zaton Tinbergen ya tabbata, amma sai da aka yi kusan shekara 60 kafin a kawo masa hujja. Kafin wannan ma, a shekarun 1960, Jack Hailman ya nuna a kan wani irin gal na Amurka cewa cakar ɗan tana ƙara daidaituwa kwana bayan kwana, kuma a hankali yake koyon kamannin iyayensa. Ke nan da gado ake haihuwarsa, amma koyo ne ke gyara gadon. Wannan darasi shi ne mabuɗin fahimtar gal ɗin birni na yau.

Akwai wani gwajin Tinbergen da ya fi burge ni saboda sauƙinsa. Bayan ya koma Jami'ar Oxford a 1949, Tinbergen ya yi aiki a Ravenglass da ke arewa maso yammacin Ingila a kan gal mai baƙin kai, wanda kan ɗauke ɓawon ƙwai ya kai shi nesa da sheƙa bayan an ƙyanƙyashe. Bayan ƙwan yana da ɗige-ɗigen da ke sajewa da ƙasa, amma cikin ɓawon fari ne fat. Sai suka jera ƙwai a fili, suka ajiye fasasshen ɓawo kusa da wasu, nesa da wasu, suka koma gefe suna kallon hankaki da manyan gal na zuwa farauta. Ƙwan da ɓawo ke dab da shi an ɗauke shi kusan ninki biyu na wanda ɓawon ke nesa da shi da mita biyu. Suka kuma lura cewa uwar ba ta gaggawar tashi da ɓawon, takan jira ɗan ya bushe tukuna, domin jiƙaƙƙen ɗa maƙwabta ne ke haɗiye shi da zarar ta ba da baya. Irin wannan aiki ne ya kai Tinbergen ga lambar yabo ta Nobel a 1973, tare da Konrad Lorenz da Karl von Frisch.

To, yaya aka yi tsuntsun duwatsun gaɓar teku ya koma kwana a saman kantuna? Amsar tana cikin tarihin abin da mutane ke zubarwa. A ƙarni na 19 an rage yawan tsuntsayen teku ƙwarai a Birtaniya, ana kwashe ƙwansu don ci, ana harbinsu don nishaɗi da kuma gashin da ake ƙawata hulunan mata da shi, har majalisar dokoki ta kafa dokar kare su a lokacin haihuwa a 1869. Da kariya ta samu, sai abinci ya biyo baya. Jiragen kamun kifi suna watsar da kifin da ba sa so da kayan cikin wanda suka gyara, gal yana bin su a baya. Sannan bayan mummunan hayaƙin da ya turnuƙe Landan a 1952 ya kashe dubban mutane, aka yi dokar tsabtace iska ta 1956, ƙona shara ya ragu, aka koma tara ta a manyan jujin bayan gari, inda takan wuni a buɗe kafin a rufe ta da ƙasa. Ƙasar kuma tana ƙara arziki, ragowar abinci na ƙara yawa a bola. Masana sun ƙiyasta cewa daga wajen 1930 zuwa 1970 gal mai tokar baya yana ƙaruwa da kimanin kashi 13 cikin 100 a kowace shekara, wato adadinsa na ninkawa duk bayan shekara biyar zuwa shida.

Da tsibirai suka cika, sai 'ya'yan da suka taso suka nemi wani wuri, kuma birni ya ba su duk abin da suke nema. Kafin 1940 da wuya a ga gal ya yi sheƙa a kan gini. A Gloucester ma'aurata uku kawai aka gani a tashar jiragen ruwa a 1967, amma zuwa 2004 sun kai wajen 2,000, kamar yadda ƙidayar Peter Rock ta nuna, mutumin da ya shafe shekaru masu yawa yana hawa rufin gidaje a Bristol da kewaye yana sanya wa 'ya'yan gal zobe. Shimfiɗaɗɗen rufin masana'anta ko tsakanin bututun hayaƙin gida ya fi tsibiri tsaro, tunda yanyawa ba ta iya hawa, igiyar ruwa ba ta share sheƙa, birni ya fi karkara ɗumi, fitilun titi kuma suna ba shi damar kiwo har cikin dare. Gal tsuntsu ne mai komawa inda aka haife shi, musamman namiji. Wanda ya buɗe ido a kan rufi, rufi zai nema idan ya isa aure.

A daidai lokacin da birane ke cika, gaɓar teku tana zama kufai. An yi manyan ƙidayoyi huɗu na tsuntsayen teku a Birtaniya da Ireland: na 1969 zuwa 1970, na 1985 zuwa 1988, na 1998 zuwa 2002, da na 2015 zuwa 2021 wanda aka fitar da sakamakonsa a 2023. Tsakanin na farko da na biyu gal mai tokar baya ya ragu da kusan rabi. Tsakanin na uku da na huɗu kuma, waɗanda ke sheƙa a wuraren asali, wato duwatsu da tsibirai da yashin bakin teku, sun sake raguwa da fiye da kashi 40 cikin 100. Dalilan sun haɗu ne suka yi masa taron dangi. Jujin da ya ciyar da shi ya kuma kashe shi, domin a ruɓaɓɓen nama cikin leda lokacin zafi ne ƙwayar cutar botulizim ke yaɗuwa, wadda ke shanye jikin tsuntsu har ya kasa ɗaga kai. Daga 1996 gwamnati ta sanya haraji a kan binne shara, jujin da yawa aka rufe su. Kifi ya ragu a teku, jiragen kamun sun ragu, sannan Tarayyar Turai ta hana watsar da kifin da aka kama, dokar da ta fara aiki a matakai daga 2015 ta kammala a 2019. Waɗannan matakai duk masu kyau ne ga muhalli, babu mai hankalin da zai ce a janye su, amma sun ɗauke akushin da tsuntsun ya yi shekara da shekaru yana ci a ciki.

A nan ne gizo ke saƙa: shin waɗanda suka ƙaru a birni sun cike giɓin waɗanda suka ɓace a bakin teku? Ƙirga sheƙa a tsibiri abu ne mai sauƙi, mutane kan jeru su ratsa wurin suna lissafi. A birni kuwa sheƙar tana bayan bututun hayaƙi ko cikin kwararon rufi, inda mai tsayuwa a titi ba zai gan ta ba, sai an hau doguwar hasumiya ko an yi amfani da jirgin sama ko ƙaramin jirgi marar matuƙi. Ƙidayoyin farko sun raina adadin na birni ƙwarai. A ƙidayar ƙarshe sai aka zaɓi wasu yankuna aka ƙirga, aka yi amfani da lissafi wajen ƙiyasta sauran ƙasar, sakamakon kuma ya nuna cewa mafi yawan gal mai tokar baya a Ingila yanzu a kan rufi yake haihuwa. Sai dai tazarar da ke tsakanin mafi ƙanƙanta da mafi girman ƙiyasin tana da faɗi, kuma da yake hanyar ƙirgar ta sha bamban da ta baya, masu aikin da kansu sun ce ba za a gwama alƙaluman kai tsaye ba. Saboda haka raguwar bakin teku tabbatacciya ce, ƙaruwar birni ma haka, amma jimillar ita ce ake ta ja-in-ja a kanta. Duk wanda ya yanke hukuncin kashewa ko na bari ba tare da ambaton wannan giɓi ba, bai yi wa jama'a adalci ba.

Game da fizgen abinci kuwa, wanda shi ne ya fi ɓata wa gal suna, binciken 'yan shekarun nan ya nuna abin da ba a zata ba. Madeleine Goumas ta Jami'ar Exeter ta zagaya garuruwan gaɓar tekun Cornwall da ledar soyayyen dankali a ɗaure. Takan ajiye ledar a ƙasa ɗan nesa kaɗan da ita, ta tsuguna, ta danna agogo da zarar tsuntsu ya taho. A wani zagaye takan zuba masa ido, a wani kuma ta kawar da kai. Cikin tsuntsaye 74 da ta gwada, 27 ne kacal suka yarda suka tunkari abincin, saura sun tashi ko sun tsaya daga nesa. Cikin 19 da suka kammala gwajin biyu, an samu ƙarin jinkiri na kimanin daƙiƙa 21 idan ana kallonsu, wasu ma sun ƙi taɓa ledar gaba ɗaya muddin ido na kansu. An buga wannan a 2019, kuma abu biyu ya fito fili: gal yana karanta inda idon mutum yake, sannan masu ƙarfin halin fizge 'yan tsiraru ne. Laifin kaɗan ne ake shafa wa dangi duka.

Shekara guda bayan haka Goumas ta sake wani gwaji. Ta ajiye abinci iri ɗaya guda biyu a ƙasa, ta ɗauki ɗaya ta jujjuya shi a hannu na ɗan lokaci ta mayar, sannan ta ja da baya. Cikin tsuntsaye 24 da suka caki abincin, 19 sun zaɓi wanda ta taɓa. A Brighton kuma masu bincike na Jami'ar Sussex sun ajiye ledojin dankali biyu masu launi daban-daban, mutum ya zauna gefe yana ci daga leda mai launin ɗaya daga cikinsu, sai kashi 95 cikin 100 na tsuntsayen da suka caka suka nufi mai launin ta hannunsa. Wannan ba abin da aka haife su da shi ba ne, tunda kakanninsu ba su san leda ba. Kallon mutane suke yi suna koyo, kuma tsuntsun da ke da shekara huɗu na ƙuruciya da shekaru masu yawa na girma yana da isasshen lokacin karatu. Duk baƙon da ya jefa masa guntun burodi a bakin teku don ya ɗauki hoto, ya ƙara masa darasi ɗaya.

Na'urorin bin sawu da ake ɗaura musu a baya sun ƙara haske. A Bristol, Anouk Spelt da abokan aikinta sun ɗaura wa gal mai duhun baya 12 irin wannan na'ura, suka kuma riƙa ƙirga tsuntsaye a wata makaranta da wurin tara shara da wani lambun shaƙatawa. A makarantar tsuntsayen kan taru dab da lokacin tara da na cin abincin rana, ranakun hutun ƙarshen mako kuma ba sa damuwa da zuwa. A wurin shara suna bin lokutan buɗewa da sauke kaya. A lambu kuwa da sassafe suke zuwa, lokacin da tana ke kusa da saman ƙasa. Teku ba ta da nisa da Bristol, amma waɗannan tsuntsaye ba su nufe ta kiwo ba a lokacin renon 'ya'ya, gonaki da unguwanni suka fi bi. A Beljiyam ma an bi sawun wasu da ke tashi daga gaɓar teku su yi tafiyar kimanin kilomita 60 zuwa garin Mouscron, da aka bincika sai aka tarar wata masana'antar soya dankali ce ke zubar da ragowa a fili.

Masu cewa a kashe su a huta ya kamata su san cewa an taɓa gwadawa, kuma an rubuta abin da ya biyo baya. A tsibirin May da ke gabashin Sikotlan, hukumar kula da muhalli ta fara kashe gal a 1972 ta hanyar sanya musu maganin sa barci a cikin burodi, don a samar wa wasu tsuntsayen teku wurin haihuwa. Cikin 'yan shekaru aka kashe dubun dubata. John Coulson na Jami'ar Durham da ɗalibansa sun bi diddigin waɗanda suka rage, suka ga cewa da cunkoso ya ragu, matasa sun fara haihuwa tun ba su kai shekarun da aka saba ba, ƙwai ya ƙara girma, wato tsuntsun yana rama asarar da kansa. Tsoratar da su da rushe musu sheƙa kuma yakan watsa su ne zuwa wasu wurare. A birni wannan na nufin an kore su daga rufin ma'aikata sun koma rufin makaranta ko na asibiti, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Mujiyar roba da ake kafawa a saman gini kuwa, kwana kaɗan suke yi su gane ba ta motsi.

Ta fuskar doka, dokar kare namun daji ta 1981 ta hana kashe gal ko taɓa ƙwansa da sheƙarsa ba tare da izini ba. A da akwai izini na bai-ɗaya da kowa ke iya fakewa da shi, amma daga 2019 zuwa 2020 hukumomin Ingila da na Sikotlan suka cire waɗannan tsuntsaye daga ciki, yanzu sai mutum ya nemi lasisi na musamman ya kuma nuna akwai barazana ga lafiya ko tsaron jama'a. Wannan ya fusata wasu ƙananan hukumomi, kuma bai kamata a yi watsi da kukansu ba. Tsohuwar da ke tsoron fita ƙofar gidanta tsawon makonni saboda ɗan gal ya faɗo tsakar gidan iyayensa na gadinsa, ko ma'aikacin dare da kuka ya hana shi runtsawa, cutuwarsu ta gaske ce, kuma masanin da ya raina ta yana ƙara wa tsuntsun maƙiya ne kawai. A ganina hanyar da binciken ya nuna a fili take, ko da ba ta da daɗin faɗa a taron siyasa: kwandon shara mai murfin da baki ba ya buɗewa, buhun shara mai kauri, kwashe ragowar abinci a kan lokaci, hana ciyar da su da gangan, toshe wuraren sheƙa a lokacin sanyi kafin su dawo, da kuma tsara rufin sababbin gine-gine yadda ba zai zaunu ba. Ragar da ake shimfiɗawa a rufi ma sai an kula da ita, domin wadda ta saki takan zama tarko, tsuntsu ya maƙale ya mutu da ƙishirwa.

Ɗaya ɓangaren aikin shi ne gyara musu gidansu na asali. A South Walney da ke Cumbria, inda a shekarun 1970 ma'aurata dubun dubata ke haihuwa, adadin ya faɗo zuwa 'yan ɗaruruwa bayan abinci ya ragu kuma yanyawa da wasu namun dawa suka samu hanyar shiga, har aka jera shekaru ba a ga ɗa ɗaya ya tashi ba. Da ƙungiyar kare namun daji ta yankin ta kewaye wurin da shinge mai ƙarfi, a 2021 aka sake ganin 'ya'ya sun yi fiffike. Sai kuma ga murar tsuntsaye nau'in H5N1, wadda daga 2021 ta yi ɓarna a tsibiran tsuntsayen teku, a 2023 ta kashe gal mai baƙin kai da yawa a wuraren haihuwarsa. A watan Satumba na 2024 aka ƙara tsuntsayen teku biyar a jan jerin, biyu daga cikinsu dangin gal ne.

Maganar ba ta ƙare a Turai ba, domin gal mai duhun baya matafiyi ne. Idan sanyi ya gabato, waɗanda suka haihu a Birtaniya da Holan da Beljiyam sukan gangara Sifaniya da Fotugal da Maroko, wasu su zarce Muritaniya da Senegal da Gambiya. Na yankin tekun Baltik kuma sukan keta gabashin Bahar Rum su sauka har Tafkin Victoria. Ana ganin wannan tsuntsu a gaɓar tekun Najeriya da Tafkin Chadi, inda yake haɗuwa da ɗan'uwansa mai tokar kai wanda shi ɗan gida ne a Afirka. Shi ya sa yake cikin tsuntsayen da yarjejeniyar kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da Asiya ta 1995 ta shafa, wadda Birtaniya da Najeriya da Nijar duk suka shiga. Mu kuma muna da namu misalin na yadda ido ke yaudarar mutum game da tsuntsun da ke zaune kusa da shi. Ungulu ta kasance a kowace mahauta da kowace kasuwa a ƙasar Hausa, babu wanda ya taɓa tunanin ƙirga ta, har aka wayi gari garuruwa da yawa babu ita, a 2015 kuma aka sanya ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Birtaniya ta gane halin da gal ke ciki ne saboda tana da alƙaluman 1969 da za ta gwada da na yau.

Irin wannan ma'auni ne ake ƙoƙarin ginawa a nan. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos, a dajin Amurum kusa da Laminga, tana horar da masana daga ƙasashen Afirka ta Yamma tun 2002, a 2015 kuma ta fara aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, inda 'yan sa-kai ke zagaya yankunansu suna rubuta duk tsuntsun da suka gani suna turawa ta waya. Kowane watan Janairu ma ana ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda ke kai masu ƙirga dausayin Hadejia da Nguru. Wanda ya ga gal da zoben roba mai launi a ƙafa, abin da ake bukata daga gare shi shi ne launin zoben, haruffan da ke jiki, ƙafar da yake, wurin da ranar, domin da waɗannan ne mai binciken da ya sanya zoben zai san inda tsuntsunsa ya yi hunturu da kuma cewa yana raye.